Kuɗin Garin Suna Cikin Littafi: Kundin Aikin Kwafe Lissafin Wani Kantin Ƙauye a Vermont

13 ga Janairu, 2024

Littattafan uku ne. Biyu dogaye ne, sirara, irin waɗanda mai kanti yake ajiyewa a kan teburin ciniki yana rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo, bi-da-bi, yadda rana ta kawo su. Na ukun shi ne babban, mai bangon fata, inda kowane magidanci yake da shafinsa: a hagu abin da ya ɗauka, a dama abin da ya kawo. Na wani kanti ne a wani ƙauye cikin gundumar Windham, kudu maso gabashin jihar Vermont ta Amurka, kuma sun tashi daga farkon shekarun 1830 zuwa tsakiyar shekarun 1840. Ƙungiyar tarihi ta ƙauyen ce take riƙe da su, tana neman mai kwafe su cikin kwamfuta a kyauta. Ni aikin akanta nake yi, hunturun wannan yanki kuwa dogo ne, kafin ƙarfe biyar duhu ya shigo. Sai na ce a ba ni.

Sharaɗinsu ɗaya ne: kada sunan kowa ya fita waje sai an gama an zauna, domin zuriyar wasu daga cikin masu bashin suna nan a garin har yau. Saboda haka a wannan rubutu mai kanti zai zauna a mai kanti, maƙeri a maƙeri.

Na ɗauki hoton shafukan, a gida zan yi aikin. Jadawalin da na tsara yana da gurbin rana, suna, kaya, adadi, farashi yadda aka rubuta shi, farashi a dala, da lambar shafi. Duk yadda ya rubuta kalma haka zan bar ta, ko da ya rubuta sunan mutum ɗaya iri uku.

3 ga Fabrairu

Ido ya fara sabawa. Hannu biyu ne a littafin farko. Rubutun mai kanti ƙanana ne a matse, ba ya ɓarnar takarda. Na yaron kantinsa manya ne masu jela, sun fi kyan gani amma sun fi wuyar karatu. Tawadar irin ta dā ce mai sinadarin ƙarfe, wadda take yin baƙi sannan shekaru su mai da ita jaja-jaja, kuma inda alƙalami ya sha da yawa ta ci takardar har ta huda ta. Takardar kanta ta tsumma ce, shi ya sa ta fi jaridar bara lafiya. Kantin ma yana sayen tsumma daga gidaje ya tura wa masu yin takarda, na ga layukansa da dama.

Kusan kowane layi a ƙaramin littafi yana da 'yar alama a gefe, shaidar an ɗauke shi an kai shafin mai shi a babban littafi. Wanda ba shi da alama sai na yi masa tuta in dawo kansa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da babu. Babu shafin jari, babu shafin kaya, babu riba da faɗuwa. Tsarin shigar da kowane ciniki sau biyu, wanda Luca Pacioli ya yi bayaninsa a rubuce a Venice tun 1494, manyan 'yan kasuwar Boston sun san shi sarai. Mai kantin nan bai waiwaye shi ba. Wanda zai ce jahilci ne bai duba da kyau ba, domin jimlarsa tana fita daidai shafi bayan shafi. Tambaya ɗaya ce yake so littafin ya amsa masa: wa nake bi, wa yake bina, nawa. Maganar riba kuwa, in shekara ta zagayo ya ƙirga kayan da ke kanti, ya cire abin da 'yan sarin birni suke binsa, ya san inda ya kwana.

25 ga Fabrairu

Makon nan kuɗi ne suka tsayar da ni. A cikin layi mai kanti yakan rubuta farashi kamar 4/6 ko 1/6, sai a gurbin ƙarshe na dama ya fitar da jimla a dala da senti. Manhajar jadawalin da ta ga 4/6 sai ta mai da shi 6 ga Afrilu, dole na kulle gurbin ya karɓi rubutu zalla.

4/6 sule huɗu ne da sisi. Amurka ta kafa dala da senti a doka tun 1792, amma shekara arba'in bayan nan bakin mutanen karkara bai saki sule da kwabo ba. Kuma ba sulen Ingila suke nufi ba. Sule ne na lissafi kawai, babu ƙarfensa a aljihun kowa, darajarsa kuma ta bambanta daga yanki zuwa yanki tun zamanin mulkin mallaka. A jihohin New England, wato yankin arewa maso gabas da Vermont take ciki, sule shida ne dala, a New York takwas, a Pennsylvania bakwai da sisi. Ke nan a kantinmu sule ɗaya senti 16 ne da biyu bisa uku, 1/6 senti 25 ne, 4/6 kuma senti 75.

Abin da ya riƙe al'adar shi ne ƙarfen da ke hannun mutane. Ƙananan kuɗin azurfa da suka fi yawo na Sifaniya ne, waɗanda aka buga a Mekziko da sauran ƙasashen da ta mallaka, kuma dokar Amurka ta ci gaba da amincewa da su har 1857. Kashi ɗaya cikin takwas na dalar Sifaniya, wato senti 12 da rabi, shi ne nai cif a lissafin New England, kwabo tara. Ɗan New York kuwa sule yake kiran wannan ƙarfen. Shi ya sa littafin yake cike da 12½ da 6¼ da 37½, lambobin da babu mai zaɓar su da gangan in da senti yake tunani.

Na ba Kawu labari a waya, shi da ya tsufa a Kantin Kwari. Na ce, "Kawu, mutanen nan shekara arba'in da canjin kuɗi, suna nan suna cewa sule." Ya yi dariya ya ce, "To ɗana, mu fa? Gowon ya kawo naira a 1973, amma shekara nawa aka yi a kara ana cewa fam da jaka?" Ban da amsa.

Kuɗin takarda wata rigima ce daban. Gwamnatin tarayya ba ta fara buga nata na kowa da kowa ba sai lokacin yaƙin basasa, a shekarun 1860. Kafin nan kowane banki nasa yake bugawa, bankuna ɗaruruwa, ga na jabu birjik. New England ta ɗan sami sauƙi saboda bankin Suffolk na Boston, wanda ya matsa wa bankunan karkara su ajiye kuɗi a wurinsa domin a riƙa karɓar takardunsu a cikakkiyar daraja. Takardar bankin da ke nesa kuwa sai an zaftare mata wani abu kafin a karɓa.

9 ga Maris

Na yi nisan da zan iya faɗin abin da nake gani. An saba cewa mutanen karkarar wancan zamani ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda suke yi. Littafin bai yarda da haka ba.

Ga shafin wani manomi. A hagu: ganyen shayi, ƙusoshi, gishiri, akoko yadi-yadi, garin taba, gilashin taga, allura, littafin koyon karatu na yaro. A dama: man shanu, cuku, fatar maraƙi, itacen wuta, toka, da aikin jigila da shanunsa na huɗa. Tsabar kuɗi layi ɗaya ko biyu ne a shekara. Amma kowane abu, har tokar, an yanka masa farashi a dala da senti, kuma gishirin da aka ɗauka cikin sanyi sai kaka mandarsa take zuwa, wani lokacin ma sai kakar baɗi. Wannan bashi ne mai lissafi. Kuɗi suna nan a kowane layi a matsayin ma'auni, hannu ne kawai ba ya taɓa su.

Tokar ma ba abin raini ba ce. Ana tace ta a dafa ruwan a fitar da gishirin toka na masu yin sabulu da gilashi, kuma takardar haƙƙin ƙirƙira ta farko da gwamnatin Amurka ta taɓa bayarwa, a 1790, ta wani Samuel Hopkins ce a kan hanyar sarrafa wannan gishirin.

Inda abin ya fi armashi shi ne ciniki mai kusurwa uku. Maƙeri yana bin manomi kuɗin gyaran garma. Manomi sai ya rubuta 'yar takarda zuwa ga mai kanti cewa a ba maƙeri kayan kaza a kansa. Mai kanti ya ɗora a hagun manomi, ya sauke a daman maƙeri, magana ta ƙare. Haka ake biyan ɗan ƙodago, da baduku, da likita. Na bi wani bashi guda da ya tashi daga shafin manomi ya sauka a na maƙeri, daga nan ya wuce na mai injin tsaga katako, ya ƙare a na wata mata mai ɗinki da ta ɗauke shi a shayi da zare. Mutum huɗu sun biya juna, kwabo bai motsa ba. Garin ba shi da banki, amma yana da wannan littafin, kuma kuɗin garin a cikinsa suke zaune.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da mai kantin. Sau biyu a shekara, bazara da kaka, masu kantin karkara sukan sauka birni su saro kaya, galibi a kan lamunin wata shida. Akwai kuma manoman da damansu ta fi hagunsu nauyi, wato su ne suke binsa. Sai dai kada a ɗauka zaman 'yan'uwantaka ne zalla. Mutum ɗaya ne yake yanka farashin man da ka kawo da na shayin da ka ɗauka, ya ci nan ya ci can. Ya san wanda ya sayi magani, da wanda ya sayi giya, da wanda ya sayi baƙin yadi na makoki. Abin da yake taka masa burki shi ne kantin ƙauyen gaba, da kuma sanin cewa ranar Lahadi da waɗannan mutanen zai zauna a coci.

20 ga Afrilu

Azumi da Sallah sun ɗan ja aikin baya. Bayan Sallah na je Old Sturbridge Village a jihar Massachusetts, gidan tarihi na fili da aka buɗe a 1946, inda ake nuna rayuwar ƙauyen New England ta shekarun 1830. A can kantin Asa Knight yake. An gina shi wajen 1810 a Dummerston, arewa da garin Brattleboro kaɗan, cikin gundumar da kantinmu yake. An faɗaɗa shi a 1826 da kuma ƙarshen shekarun 1830, sannan aka ɗauko ginin aka kawo shi nan a 1972. Zamani ɗaya, yanki ɗaya, sana'a ɗaya, don haka kayan da na sani a takarda sai ga su a kan kantoci.

Wanda ya ɗauka ƙauyen nan a rufe yake da duniya, ya tsaya ya karanta hagun shafi ɗaya. Shayi daga Sin, tangaran daga Staffordshire ta Ingila, yadi mai zane daga Manchester da kuma masaƙun garin Lowell na Massachusetts, sukari da baƙin maɗin rake daga tsibiran Karibiyan, busasshen inabi daga Sifaniya, masoro daga Sumatra, shuni, kifi mai gishiri daga bakin teku. Duk wannan a ƙauyen da jirgin ƙasa bai iso kusa da shi ba, domin layin dogo bai kai Brattleboro ba sai 1849. Kaya ko dai su zo ta ƙasa daga Boston, tafiyar mil ɗari ko kusa da haka da dawaki da shanu, ko su hawo kogin Connecticut daga Hartford a manyan kwale-kwale masu shimfiɗaɗɗen ciki, ta mashigan da aka haƙa don kauce wa gangaren ruwa a Enfield da South Hadley da Turners Falls.

Yanayi ma yana cikin littafin. A tsakiyar hunturu shafuka cike suke da kaya masu nauyi, domin jan kaya a kan ƙanƙara ya fi sauƙi. Ƙarshen Maris zuwa Afrilu, da ƙanƙara ta narke hanyoyi suka koma taɓo, sai ka ga kwana uku a shafi ɗaya. Abin da yake shigowa a lokacin shi ne sukarin da ake dafawa daga ruwan itacen mapul. Taɓon nan har yau bai canja ba, motata shaida ce.

18 ga Mayu

Na ƙara gurbi ɗaya a jadawalin, kuma saboda shi sai na koma shafin farko na sake bi. Gurbin shi ne: wa ya zo.

A ƙaramin littafi, bayan sunan magidanci, mai kanti yakan ƙara 'yar kalma: ta hannun matarsa, ta hannun 'yarsa, ta hannun yaro. Yana yin haka ne don kada wata rana a yi masa musun an ɗauka. In an zo ɗaukar layin zuwa babban littafi sai kalmar ta faɗi, sunan namiji kaɗai ya rage. Wanda ya karanta babban littafi shi kaɗai zai rantse garin maza ne zalla, suna sayen allura da kintinkiri suna kaɗa man shanu.

Doka ce ta jawo haka. A ƙarƙashin dokar da Amurka ta gada daga Ingila, mace in ta yi aure abin da ta mallaka na ɗauka da abin da ta samu da guminta sun shiga hannun miji, bashin da ta ci ma a kansa yake. Man shanu da cuku kuwa, waɗanda su ne suka fi cika daman shafukan manoma, aikin mata ne tun daga kaɗawa har matsewa. Ke nan kaso mai tsoka na bashin gidan mace ce take biya, da sunan da ba nata ba. A Brattleboro, nan kusa, Clarina Howard Nichols ta yi ta rubutu a kan wannan a jaridar Windham County Democrat, kuma rubuce-rubucenta na 1847 suna cikin abin da ya sa majalisar Vermont ta fara ba matan aure wasu haƙƙoƙin mallaka a wannan shekarar.

Matan da suke da shafin kansu iri biyu ne: waɗanda mazansu suka rasu, da 'yan mata masu saƙar malafa. Wannan sana'a ta malafa ta cancanci a tsaya a kanta. Ana kawo wata irin kaba daga Kyuba a sauke a Boston, a tsaga ta sili-sili, mai kanti ya saro ya raba wa gidaje. Kabar tana hawa hagun shafi a matsayin bashi, malafar da aka saƙa tana sauka a dama, abin da ya rage a tsakani shi ne ladan, kuma a kaya ake ɗaukarsa. Sana'ar ta fara ne a tsakiyar Massachusetts a shekarun 1820 ta bazu. Asa Knight ya yi ta, Dexter Whittemore na Fitzwilliam a New Hampshire kuma ɗaruruwan masu saƙa ne suke kawo masa. Malafun sukan tafi yamma da kudu, da yawa daga ciki su ƙare a kan bayi a gonakin auduga. Audugar ta hawo Lowell, ta dawo kantinmu a akoko, yarinyar da ta saƙa malafar ta ɗauka a ladanta. Vermont tana alfahari da cewa kundin tsarin mulkinta na 1777 ya hana bautar da manya, amma sukarinta da maɗinta da yadinta duk sun bi ta hannun bawa kafin su iso.

Akwai shafi ɗaya da na daɗe a kansa. Yarinya ce, malafa bayan malafa, abin da take ɗauka kuma yana canjawa a hankali: daga kintinkiri da mataji zuwa yadin zanen gado, zuwa kofunan shayi da farantai. Daga nan sai layi ɗaya, an kwashe abin da ya rage mata an kai shafin wani saurayi a can gaba, aka ja layi biyu a ƙarƙashin sunanta.

22 ga Yuni

Yanzu nake cikin watannin zafi na littafi na biyu. Ulu ya cika dama. Tun da William Jarvis, ƙaramin jakadan Amurka a Lisbon, ya shigo da tumakin merino masu laushin ulu wajen 1810 ya zauna a Weathersfield, Vermont ta haukace da kiwon tumaki. A ƙidayar 1840 tumakin jihar sun haura miliyan ɗaya da rabi, mutanenta ba su kai 300,000 ba.

A hagu kuwa, lokacin yankan ciyawa lokacin giyar rake ne, domin al'ada ce mai gona ya shayar da 'yan ƙodago. A farkon littafin farko galan-galan ake ɗauka. A na biyu layukan sun yi ƙaranci sosai. Wannan ya dace da abin da aka sani na ƙasar baki ɗaya: wajen 1830 abin da baligi ɗaya yake sha a shekara ya kai kimanin galan 7 na tsantsar barasa, kafin tsakiyar shekarun 1840 ya faɗi da fiye da rabi, bayan ƙungiyar yaƙi da shan giya da aka kafa a Boston a 1826 ta ratsa coci-coci. Massachusetts ta hana sayar da ƙasa da galan 15 a 1838, Vermont ta yi dokar haramci a 1852. Amma ba zan rubuta wa ƙungiya cewa garin ya tuba ba. Littafin kanti abin da aka saya a kanti kawai yake nunawa, giyar tuffa kuwa a gida ake yin ta a ganguna.

14 ga Yuli

Na gane dalilin da ya sa babu gogewa ko kankarewa a ƙananan littattafan. In an yi kuskure, layi ɗaya ake ja a kai, a bar shi yana karantuwa. Littafin shaida ne a kotu. A wancan lokacin doka ba ta barin mai ƙara ya ba da shaida a shari'ar kansa, amma an keɓe littafin ciniki, muddin an rubuta layin a lokacin da aka yi cinikin kuma mai littafin ya rantse a kai. Vermont da Connecticut har suna da ƙara ta musamman ta bashin littafi. A Vermont kotu takan naɗa mai binciken lissafi ya zauna da ɓangarorin biyu ya bi layi-layi. Ashe wanda ake tsoro a wancan zamanin ma ɗan sana'armu ne.

Yawanci dai ba a kai can. A ƙasan shafi sai ka ga an rubuta cewa yau an zauna an yi lissafi, an tarar wane yana bin wane kaza, su biyun suka sa hannu. Wani shekara-shekara yake zuwa, wani sai ya shekara uku bai zauna ba. In abin da ya rage kaɗan ne sai a buɗe sabon shafi da shi. In yana da yawa sai a mai da shi takardar alkawarin biya, daga nan kuɗin ruwa ya fara hawa, kashi 6 cikin 100 a shekara yadda dokar jihar ta ƙayyade. Takardar kuma mai kanti yana iya miƙa ta ga wani ya biya nasa bashin da ita. Daga ranar ba maƙwabcinka ne yake binka ba, duk wanda takardar ta faɗa hannunsa ne.

3 ga Agusta

Zafi, baƙi, aikin ofis. Shafi kaɗan na yi.

7 ga Satumba

Na iso 1837. Labarin a sama sananne ne. Shugaba Andrew Jackson ya hana a sabunta lasisin babban bankin ƙasar, a Yulin 1836 kuma ya ba da umarnin a riƙa biyan kuɗin filayen gwamnati da zinariya da azurfa. Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa, farashin auduga ya faɗi. Ranar 10 ga Mayu, 1837 bankunan New York suka daina canja takardunsu da ƙarfe, Boston da sauran birane suka bi sahu. Matsin bai saki ƙasar sosai ba sai wajen 1843.

A ƙauye abin bai zo da hayaniya ba. Ciniki ya ci gaba, domin garin dā ma ba da ƙarfe yake tafiya ba. Abin da ya canja shi ne ƙasan shafuka. Zaman lissafi ya yi yawa a watanni kaɗan, mutanen da suka shekara ba a taɓa su ba duk an kira su, basussuka sun koma takardu. Landan ta matsa wa Boston, Boston ta matsa wa mai kanti, mai kanti ya matsa wa manomi. Littafin yana iya juya bashi tsakanin 'yan gari har abada, amma ɗan sarin birni ba ya karɓar toka.

Daga wannan rikicin aka sami sabuwar sana'a. Kamfanin siliki na Arthur Tappan a New York ya durƙushe a 1837, ɗan'uwansa Lewis Tappan kuma ya kafa ofis a 1841 wanda aikinsa tattara bayanan 'yan kasuwar karkara: wa yake biya, wa yake shan giya, wa ya auri mai dukiya. Lauyoyin ƙananan garuruwa ne suke aiko masa rahoto. Wato mutumin da ya san asirin kowa a garinsa, shi ma an buɗe masa shafi a birni. Kundayen suna nan a ɗakin karatu na Baker a jami'ar Harvard, kuma na sa su a jerin wuraren da zan nemi mai kantinmu.

Karyewar kanti ba baƙon abu ba ne ko kafin rikicin. Abraham Lincoln da William Berry sun buɗe nasu a New Salem ta jihar Illinois, ya mutu a hannunsu a 1833. Da Berry ya rasu a 1835 sai bashin, wajen dala 1,100, ya dawo kan Lincoln, ya yi shekaru yana biya. Namu dai ya tsallake, shafukansa sun ci gaba.

26 ga Oktoba

Ƙaramin littafi na farko ya kammala, na kuma daidaita shi layi-layi da babban. Layukan da ba su da alama a gefe yawancinsu cinikin kuɗi hannu ne, ba su da shafin da za a kai su. Na biyu ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ƙarshensa ruwa ya taɓa shi, sai na koma na sake ɗaukar hoto da haske daga gefe.

Aikin da ke gaba shi ne sunayen matan. Ƙidayar 1840 magidanci kawai take ambata da suna, sauran 'yan gida lambobi ne a gurbin shekaru. Sai ta 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane mutum mai 'yanci a gida, don haka da ita zan fara, in haɗa da rajistar aure ta magatakardan gari da duwatsun maƙabarta, wadda nake so in zagaya kafin dusar ƙanƙara ta rufe ta. Ƙungiya za ta zauna a Nuwamba a kan maganar fitar da sunaye. Na roƙi a bar gurbin wa ya zo a cikin abin da za a sa a intanet, kuma a jera shi kafin gurbin farashi.